Tsintar Tsakuwa

Ƙarfe biyun dare a Jekadafari,
janareton maƙwabci ya yi shiru.
Saura ni, da batir kashi talatin,
da dubban layukan rubutun wasu
da ban taɓa ganin fuskarsu ba.

Su suka yi ginin, ni haya na kama.
Kan ginshiƙinsu na ɗora manhajar
da Bappayo ke duba kuɗin wake
kafin ya kwance bakin buhu a Tudun Hatsi.
Ya ce, "Abin naka ba laifi,
sai dai kafin ya buɗe ido
mai saye ya kai rumfa ta gaba."

Na so in kama ɓarawo babba,
in riƙe wuyan rigarsa, in tara jama'a,
in ce ga wanda ya cinye lokacin.
Babu shi.
Ɓeraye na tarar, 'yan mitsi-mitsi,
kowa da ƙwayarsa a baki.

Ga wani layi cikin zagaye,
duk juyi sai ya je rumbun bayanai
ya tambayi sunan kasuwa.
Gombe, in ji rumbu. Ya dawo, ya koma.
Gombe. Ya dawo, ya koma.
Sau ɗari biyu da sha ɗaya,
kamar yaron da aka aika awo
yana kawo gero ƙwaya-ƙwaya.
Na ce, ɗan nan, ungo kwano.
Tambaya ɗaya, ka sa amsar a aljihu.

Ga wani yana ƙera sabon mudu
duk sanda baƙo ya yi sallama,
ya auna sau ɗaya, ya jefar.
Na rataye masa guda a bakin ƙofa.

Na ukun ya fi ba ni haushi:
sai ya kwafe jerin suna kakaf
don kawai ya ga ko akwai kowa a ciki.

Goggo Dudu, Allah ya jiƙanta,
haka take zama a Kwami bayan la'asar,
faifai kan cinya, ido a ƙanƙance,
yatsa ɗaya na korar tsakuwa gefe.
Mu ci, mu sha ruwa, mu tashi.
Ban ji wanda ya taɓa gode mata
kan dutsen da bai tauna ba.

Da safe Rifkatu ta leƙo allona,
ta ajiye jaka, ba ko gaisuwa.
"Ka auna, ko a jikinka ka ji?"
Muka auna. Sau goma, sau hamsin.
Gyara na huɗu, wanda na fi ji da shi,
wanda na yi wa murmushi da asuba,
ashe nauyi ya ƙara.
Na goge shi, ina kallon taga.

Sauran fa?
Ka raba daƙiƙa gida dubu,
arba'in da uku muka ƙwato.
Ƙiftawar ido ma ta fi su tsawo.
Rifkatu ta ce, "Ninka da masu buɗewa."
Na ninka da Dukku, na ninka da Kumo,
da mai ɗaga waya sama a Nafada
yana farautar sanda ɗaya ta sabis,
da katin ɗari biyu da ke zirarewa.
Dadin Kowa ma ɗigo ne ya taru.

Na aika wa masu ginin gyarana,
layi tara na cire, huɗu na sa.
Bayan kwana shida amsa ta zo,
kalma biyu tak: an karɓa.

Ran Juma'a na bi ta Tudun Hatsi.
Na ce, Bappayo, yaya abin nan yanzu?
Yana ɗaure buhu, igiya a haƙori.
Ya tofar, ya ce, "Wane abu?
Au, wannan. Lafiyarsa lau.
Wake ne dai ya tashi."